Daga Kurmin Kamaru Zuwa Rairayin Jurab, Ina Bin Itatuwa

Rigata ce ta fara sanar da ni inda nake. Na wanke ta da yamma a Limbe na shanya, gari ya waye tana nan da danshinta, alhali watan Janairu ne, lokacin da a can arewa hunturu ke tsaga leɓe da dunduniya. Niyyata a wannan tafiya ita ce in tashi daga bakin Tekun Atlantika in miƙe arewa ta ƙasa, ta Kamaru da Cadi, har inda itace ya ƙare, in ga da idona yadda tsirrai ke sauyawa. Wasu shekaru ke nan da yin ta, kafin rashin tsaro ya toshe wasu daga cikin hanyoyin da na bi.

Daga Limbe na bi hanyar gaɓar teku zuwa Debunsha, ƙauyen da ke gindin Dutsen Kamaru ta yamma. Ruwan da ke sauka a nan yana kaiwa milimita 10,000 a shekara, wato mita goma, kuma wurare ƙalilan ne a duniya suka fi shi. Dalilin yana tsaye a gabanka: dutse mai tsayin fiye da mita 4,000 ya tare iskar da ke tasowa daga teku ɗauke da laima. Dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke abin da ta ɗauko. A Bakingili na sa direba ya tsaya inda narkakken dutsen da ya kwararo a aman wutar 1999 ya gangaro har ya datse titi. Baƙin dutse ne mai kaifi, ba ƙasa ko kaɗan a kansa, amma gansakuka ta riga ta shimfiɗu, ƙananan tsirrai sun leƙo ta kowace tsaga. Wurin da ake ruwa irin wannan, ko dutse ba a barinsa tsirara.

Kurmin kansa sai an shiga. Taku kaɗan daga bakin hanya haske ya ragu kamar magariba ta kawo kai. Ciyawa babu, don rana ba ta isa ƙasa. Itatuwan sun miƙe sambal ba reshe sai can sama, kowanne yana rige-rigen kaiwa ga haske, igiyoyin daji sun nannaɗe su. Na tsaya a gindin wani rimi wanda saiwoyinsa suka fito kamar katangu, sun fi ni tsayi. A kan rassa akwai tsirrai da suka yi gida, da farko na ɗauka kauci ne, sai ɗan jagora ya nuna mini ba sa tsotsar itacen, wurin zama kawai suka ara, ruwansu daga iska suke samu. Na tsinki ganye ɗaya na duba. Faffaɗa ne, mai santsi da sheƙi, bakinsa ya zarce siriri kamar bakin buta. Na duba na kusa da shi, wani itace daban, shi ma haka. Ta wannan bakin ruwa ke tsiyayewa da sauri don kada ganyen ya zauna a jiƙe. Na jima ina juya shi a hannu. Itacen da damuwarsa ita ce yadda zai rabu da ruwa, ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba.

Daga Buya na hau dutsen, kwana biyu. Duk mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida, kuma itatuwa suna nuna maka haka tun kafin jikinka ya gaya maka. Suna gajarcewa, suna karkacewa, gansakuka na rataye a rassansu kamar gemu, hazo yana shiga yana fita. Da muka haura mita 2,000 da 'yan kai, kurmin ya yanke kamar an sa wuƙa, sai ciyawa a kan baƙin dutse. A bukka ta biyu ta masu hawan dutsen na tsaya, na kwana cikin sanyin da ban zata ba a wurin da yake kimanin digiri huɗu kacal daga layin tsakiyar duniya. Wannan jeri na tsirrai a jikin dutse shi ne abin da masanin kimiyya Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya lura da shi a Dutsen Cimborazo na Amurka ta Kudu a 1802, har ya zama tushen nazarin yadda tsirrai suka rarrabu a doron ƙasa. Abin da ya fi burge ni a saman nan shi ne 'yan'uwan waɗannan tsirrai ba a kurmin da ke ƙasansu suke ba. Suna can kan tsaunukan Habasha da Kenya, dubban kilomita daga nan. Sanyi ya haɗa su zumunci, zafin da ke tsakaninsu ya raba su kamar tsibirai.

Yawunde ban daɗe ba. Jirgin ƙasa na shiga da yamma zuwa Gaundare, tafiyar kilomita ɗari shida da wani abu, kwana ake yi. Duhu ya same mu cikin kurmi, ganye yana kusan shafar taga. Da asuba na ɗaga labule sai na ga wata ƙasa daban: doguwar ciyawa ta bushe ta yi ja, itatuwa tsilli-tsilli, sararin sama a buɗe. Na ji haushin barcin da ya sa iyakar ta wuce ni. Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya, wanda ya ce mini aikin gandun daji ya yi har ya yi ritaya, ya ga ina rubutu ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce, "Baba, na ga ruwa ya ragu ne, shi ya sa kurmi ya ƙare." Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, je ka duba lissafi. Ruwan Yawunde da na Gaundare kusan ɗaya ne. Ka tambayi wata nawa ake yi ba a ga ɗigo ba."

Wannan maganar ita ta gyara mini sauran tafiyar, kuma gaskiya ya faɗa. Garuruwan biyu kowanne yana samun wajen milimita 1,500 a shekara. Amma a Yawunde damina biyu ake yi, ruwan ya bazu cikin shekara, ƙasa ba ta daɗewa a bushe. A Gaundare damina ɗaya ce, daga nan rani ya zauna wata biyar cur. Itacen kurmi mai siririn ɓawo da faffaɗan ganye ba zai kai ƙarshen wannan ranin ba. Tun daga ranar na daina tambayar yawan ruwa kawai, duk inda na sauka sai in tambayi tsawon rani.

Tsawon ranin kuwa iska biyu ke yanke shi. Akwai ta kudu maso yamma mai laima daga Atlantika, akwai ta arewa maso gabas, busasshiya, daga Sahara. Inda suka haɗu nan hadari ke haɗuwa. Wannan mahaɗa tana bin rana, tana hawa arewa har ta kai bakin hamada a watan Agusta, sannan ta juyo. Wanda ke kusa da teku ta wuce ta kansa da wuri, ta dawo ta kansa a makare, shi ya sa daminarsa take da tsawo ko ta rabu biyu. Wanda ke can arewa leƙo shi kawai take yi. Don haka tsirran wannan ɓangare na Afirka suka jeru layi-layi daga gabas zuwa yamma kamar zanen saƙi. Kuma in ka tsallaka kurmin Kwango ka nufi kudu, jerin zai sake maimaita kansa a juye: dajin miyombo na Zambiya da Angola, sai Kalahari, sai Namib.

A bayan garin Gaundare na ga abin da ya fi komai zauna mini a rai. Tudun Adamawa ne, sama da mita 1,000, maje da namijin kaɗe su suka fi yawa. An sa wa daji wuta kwanaki kaɗan kafin zuwana, ƙasa baƙa ƙirin, toka na tashi a ƙarƙashin takalmi. Na je gindin wani namijin kaɗe, gajere, karkatacce, na sa farce na ɓantari ɓawonsa. Sama ya ƙone, amma ɓawon yana da kauri da taushi, ƙarƙashinsa ɗanye shar, kuma a kan rassan sabon ganye ja ya fara tohowa. Wannan itacen ɗan'uwan azobe ne na jini, ƙaton itacen kurmin gaɓar teku mai kaiwa mita arba'in a miƙe, wanda ake yin gadoji da katakonsa. Dangi ɗaya, furensu da 'ya'yansu kusan iri ɗaya, amma ɗaya ya zuba ƙarfinsa a tsayi don neman haske, ɗayan ya zuba nasa a ɓawo da saiwa don tsira daga wuta. Nan na gane rani ba shi kaɗai yake aiki ba. Shi ke busar da ciyawa, ciyawa ta ci wuta, wuta ta kashe 'ya'yan itatuwan kurmi tun suna ƙanana. A tsakiyar Kamaru, wuraren da wuta ta ragu, an ga kurmi yana sake cinye daji a hankali. Kuma ko a nan tudun, duk inda rafi ya bi za ka ga siririn kurmi kore yana biye da shi, ƙafarsa cikin ruwa, wuta ba ta iya shigarsa.

Arewa da Gaundare hanya tana gangarowa daga tudu da kwana-kwana, zafi ya tare ka tun kafin ka sauka. Kwarin Binuwai ke nan. Nan doka ta yi yawa, itacen da masana suka bar masa sunansa na Hausa a cikin sunansa na kimiyya, Isoberlinia doka. Ga marke, ga ƙirya, ga kaɗanya da ɗorawa a gonaki, gamba ta bushe a gefen titi. Mafi yawan itatuwan sun kaɗe ganye. Wanda bai sani ba zai ce sun mutu, alhali rufe ƙofa suka yi, don ta ganye ruwa ke fita. Wajen Garwa, inda ruwan shekara yake kusan milimita 1,000, kuka ta fara bayyana, tsirara, da ƙaton cikinta. Itacenta ba shi da tauri, laushi ne da shi kamar soso, cike da ruwa. Rimin da na gani a Limbe danginta ne, amma shi tsayi ya nema, ita rumbu ta gina.

Gawo ne kaɗai ya saɓa. Tsakanin Garwa da Marwa, cikin gonakin da aka girbe, komai ya yi fari fat, sai ka hangi gawo kore shar, dabbobi kwance a inuwarsa. Da damina, lokacin da kowa ke ado, shi zubar da ganye yake yi. Saiwarsa tana nutsawa har ta iske ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka kalandarsa ba ta bin hadari. Na so in ga irinsa tun da farko, don ya tuna mini cewa taswirar ruwan sama ba ta faɗin komai. Abin da ke ƙarƙashin ƙafa yana da tasa maganar.

Daga Marwa abin ya koma ƙaya. Kogunan yashi ne zalla. Ganye ya ƙanƙance, wani bai kai ƙwayar gero ba, reshe ya cika da tsini. Aduwa, magarya, bagaruwa, ɗakwara mai ƙaro. A filin Waza baƙar laka ta tsattsage har hannu na shiga, itatuwan ƙaya masu jan ɓawo sun jeru iya ganinka, iri ɗaya tak. Wannan ya sa na buɗe littafina na baya. A kurmi na kasa rubuta sunaye, domin da wuya ka ga itace biyu iri ɗaya a jere. A nan kuwa yatsun hannu biyu sun isa ƙidaya abin da na gani a yini. Frank White, wanda UNESCO ta buga taswirarsa ta tsirran Afirka a 1983, ya ƙiyasta yankin kurmin Gini da Kwango yana da nau'in tsirrai kusan 8,000, mafi yawansu ba a samunsu a ko'ina sai can. Yankin dajin Sudan, wato dajin da ke tsakanin kurmi da Sahel, ya ba shi kimanin 2,750, Sahel kuma wajen 1,200. Rani mai tsawo jarrabawa ce mai tsauri, kaɗan ne ke cinta, amma waɗanda suka ci sun bazu daga Senegal har Bahar Maliya.

Na tsallaka kogin Logon daga Kusiri na shiga Njamena, inda ruwan shekara bai wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kusan dukkansa cikin wata uku zuwa huɗu. Dole in faɗi wani abu a nan, don raina ya ɓaci da na fita bayan gari. Filin da ke kewaye da birnin ya fi abin da yanayinsa ya hukunta tsiraici. Kututture ne ko'ina, da alamar gatari. Neman itacen girki da gawayi ya cinye dajin har gwamnatin Cadi ta hana sana'ar gawayi a ƙarshen 2008. Ba na son yadda ake ɗora wa sama laifin komai. Yanayi shi ke faɗin irin itacen da zai iya rayuwa a wuri, wannan gaskiya ne, amma ko itacen yana tsaye a yau, sau da yawa mu ke yanke wannan.

Motar da na samu zuwa Faya, garin da ke cikin hamadar arewacin Cadi, ta bi ta Masaget da Musoro, ta shiga kwarin Bahar el Gazal. Busasshen kwari ne wanda a da ruwan Tafkin Cadi ke bi ya malala arewa maso gabas. Goriba ta cika shi, da rassanta masu rabuwa biyu-biyu, tana shan ruwan da ya rage a ƙasa. A kan tuddan yashi kuwa sai tumfafiya da kalimbo, da busassun kututturai da suka yi fari. Direban ya ce mini, "Malam, waɗannan tun farin tamanin da huɗu suke nan." Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a faɗin Sahel. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna iyakar hamada ta matso kudu da fiye da kilomita 200 tsakanin 1980 da 1984, da ruwa ya dawo kuma ta ja baya. Ciyawa takan dawo a damina ɗaya. Itace yana bukatar daminu masu kyau a jere kafin ɗansa ya kai saiwa inda rani ba zai kashe shi ba.

Ƙarangiya ita ce abokiyar tafiyata a wannan zangon. Duk inda muka tsaya sai ta manne a wando, a safa, a bargo, ka cire ta soke ka a yatsa. Dabararta ta bambanta da ta kuka da ta gawo. Ita ba ta jayayya da rani. Ruwa ya sauka ta tsiro, cikin 'yan makonni ta yi 'ya'ya ta mutu, irin ya kwanta a yashi ko ya hau jikin dabba ya jira baɗi. Masana taswira sun daɗe suna ɗaukar inda ƙarangiya ta ƙare a matsayin iyakar Sahel da Sahara, wajen inda ruwan shekara yake milimita 150. Na san wannan a takarda, amma ban shirya wa ganinsa ba. Bayan Salal, wata safiya na sauka daga mota na yi tafiya mai ɗan nisa, na dawo na sunkuya zan cire ƙarangiya kamar kullum, sai na ga wandona fes. Na juya na dubi filin. Ƙananan dunƙulen ciyawa nesa da juna, kowanne ya ware wa kansa filin da saiwarsa za ta sha. Gaba kaɗan su ma suka ƙare.

Jurab rairayi ne da iska. A wani kwari da muka tsaya ƙasa fara ce, mai laushi kamar gari, ƙafa na nutsewa. Na tsugunna na ɗebo, sai ga ƙananan bawon katantanwar ruwa a tafin hannuna, ga guntun ƙashin kifi. Ƙasan tafki nake tsaye. Shekaru kusan 7,000 da suka wuce, lokacin da iskar damina ke kutsawa arewa fiye da yanzu, Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, kuma nan yana cikin zurfinsa. Laka da aka haƙo daga ƙasan Tafkin Yowa a Uniyanga, arewa maso gabas da nan, ta adana ƙurar furen tsirrai shekara bisa shekara, ta nuna yadda itatuwan daji suka ja baya, ciyawa ta biyo su, hamada ta zauna a hankali cikin shekaru 6,000 da suka wuce. Layukan da na kwashe makonni ina tsallakawa duk sun taɓa zama a wani wurin. Farar ƙasar nan kuma, ragowar ƙananan halittun tafkin, ita iska ke kwasa daga kwarin Bodele ta zama ƙurar hunturu, har wani ɓangarenta ya tsallaka Atlantika.

Faya muka shiga da la'asar. Bayan kwanaki ba kore, sai ga dabino dubbai a ƙarƙashin wani gangaren dutse. Ruwan sama a nan ba ya kai milimita 20 a shekara, wata shekarar ma ba a ganinsa. Dabinon ruwan ƙasa yake sha, wanda yake kusa har ana iske shi da haƙa kaɗan, kuma mafi yawansa ya sauka ne tun zamanin da katantanwar da ke aljihuna take raye. Na taɓa ganyen dabino, mai tauri, a naɗe, bakinsa ƙaya. Na buɗe littafina na ciro ganyen Limbe da na matse a ciki, ya bushe ya yi ruwan ƙasa, amma siririn bakin nan nasa na tsiyayar da ruwa yana nan. Na ajiye su gefe da gefe a kan gwiwata. Da dare, da na warware bargo zan kwanta, wani abu ya soke ni a kafaɗa. Ƙarangiya ce guda biyu, sun biyo ni tun daga Musoro.